Yadda Muka Nema wa Ƙwarya Gurbi a Cikin Waya

Matso kusa, ja tabarma, in ba ka labarin yadda ni da ban cika leƙa ko bakin titi ba na aika takarda har ƙetaren teku.

Gidanmu yana daf da shingen iyaka a Jibiya. Daga tsakar gida nake jin kukan manyan motocin da ke jiran a duba musu takardu. Sana'ata fura. Gero daga Bugaje, nono daga matan Fulanin wajen Riko, ni in dama a ciki, maigidana ya miƙa a zaure. Masu sha direbobi ne da 'yan dako, yawancinsu ba ruwansu da rubutu. In direba ya taso daga Maraɗi, sai ya turo mini ɗan hoton nan na cikin waya, ƙwarya mai ruwan ƙasa da fari a cikinta. In ɗaya ya turo, shi kaɗai ne. In uku, da abokan tafiya. Kafin a sallame shi a shinge na dama.

Akwai wata ma'aikaciyar lafiya da ke duba katin rigakafi a shingen, Kirista ce daga Filato, tana haya a gidan da ke jikin namu. Sista muke ce mata. Ran Lahadi in ta dawo coci takan shigo mu yi hira. Wata rana wayata ta yi ƙara a gabanta, ta leƙa, sai ta kwashe da dariya.

Ta ce, "Mama, yaushe kika fara sayar da kwakwa ban sani ba?"

Na ce, "Wace kwakwa? Ƙwarya ce da nono."

Ta buɗe hoton da yatsu biyu ya girma. Ga gashi-gashi a bayanta. Ashe duk tsawon lokacin nan mu da mutanen Maraɗi a ɓawon kwakwa muke shan fura.

Na ce to ta nemo mini ƙwaryar. Muka bi hotunan kaf. Ga kofi, ga kwano, ga cokali, har da tsinkayen da mutanen gabas ke cin abinci da su. Ƙwarya babu. Na ce, "Wai wa ya yi rabon nan ne?"

Ta gyara zama ta yi mini bayani. Ta ce akwai kwamitoci na duniya, mutanen kamfanoni da malamai da masu sa kai daga ƙasashe daban-daban, su ke zama su yarda a kan yadda wayoyi da shafukan intanet za su fahimci juna. Kowane harafi da kowane ɗan hoto an yanka masa lamba tasa, shi ya sa abin da na aika daga nan shi ke sauka a can. Ba wanda ke tilasta wa wani. Rubuta shawara ake yi a baza, a yi ta gardama, a gyara, har sai an rasa mai cewa bai yarda ba.

Nan take na gane. Tiyar awon geronmu da ta Maraɗi ba bakinsu ɗaya ba. Cajar da yayata mai aure a can ta kawo mini ta ƙi shiga bangonmu, ƙafafunta zagayayyu. Amma hoto ya ratsa shingen nan bai canja ba, saboda wasu sun zauna sun daidaita tiya ɗaya.

Sai ta ƙara da cewa, "Kuma kowa yana iya neman a ƙara sabon hoto."

Na ce, "Har ni?"

Ta ce, "Har ke."

Ranar sai da na ƙona tuwo. Na riga na san ƙwaryar da zan aika. Ta innarmu ce, Allah ya jiƙanta, wadda aka sassaƙa mata zane a Maraɗi, tana da ɗinki a gefe inda ta taɓa tsagewa. A ciki na koyi damu. Zuciyata ta ƙudura cewa ita ce za ta shiga aljihun kowa a duniya, da zanenta da ɗinkinta.

Sista ta karanto sharuɗɗan. A nuna jama'a da yawa na amfani da abin, wannan ba wuya. A aika zane mai launi da kuma na baƙi da fari. Sai babban: dole a gane shi ko ya ƙanƙance kamar ƙwayar wake.

Maigidana ya kai ƙwaryar wurin mai yi wa manyan motoci zane a tasha. Ya zana ta tsaf, har na yi ƙwalla. Sista ta ɗauka a waya ta rage girmansa, ta ce a nuna wa masu shan fura ba tare da an faɗa musu ko mene ne ba. Ina bayan labulen zaure ina saurare.

Wani direba ya ce, "Hular kwano ce ta 'yan babur."

Wani ɗan dako ya ce, "Kai dai ba ka gani. Kunkuru ne ya kwanta rigingine."

Suka yi ta dariya, ni kuwa raina ya sosu. Na ce wa Sista idanunsu ne ba kyau. Ta ce, "Mama, 'yan kwamitin can ma irin idanun ke gare su. Ki tara naki kwamitin."

Ran Juma'a bayan masallaci zaure ya cika. Wani dattijon direba ɗan Maraɗi ya ce a rufe ta da faifai, ƙwaryar mutunci ba ta zama a buɗe. Ɗan dakon nan mai kunkuru ya ce, "Baba, in ka rufe, wa zai ga farin? Sai a ce kwandon goro ne." Wani ya ce a zana hannun mace a ƙasa, aka ce wuri bai isa ba. Na kira yayata a waya, na ƙara murya kowa ya ji, ina sa ran ta goya mini baya a kan zanen.

Ta ce, "Ke, zanen nan ni da ke kaɗai muka san shi. Kin taɓa ganin Inna ta miƙa wa baƙo hura ba ludayi? Share zanen, ki tsaya da ludayi a ciki."

A zaure ana jirana. Na daɗe ina shafa ɗinkin nan da babban yatsa. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko ludayin Inna mai lanƙwasasshen wuya, na miƙa ta ƙarƙashin labule. Na ce, "Na yarda. Amma wannan za a zana." Maigidana ya tambaya ko akwai mai ja, aka rasa mai cewa bai yarda ba.

Sabon zanen ya zo ba ado: rabin ƙwarya, fari a ciki, ludayi ya jingina. Muka jira baƙon da bai san zancen ba. Sai ga wani ɗan dako ya sauke buhu, gumi na zuba. Maigidana ya nuna masa ɗan ɗigon a waya. Ko ƙura ido bai yi ba ya ce, "Hura ce mana. Da saura?"

Guɗar da na rangaɗa sai da wani jami'i ya leƙo daga shinge yana tambayar gidan wa aka haihu. Ranar ɗan dakon nan ƙwarya biyu ya sha kyauta.

Sista ta rubuta takardar da Turanci, ta kama yatsana na danna da kaina, takardar ta tafi. Sista ta gargaɗe ni cewa abin yakan ɗauki shekaru, kuma suna iya ƙi. Na ji. Har yau da kwakwa direbobi ke yin odar fura, amma duk ranar da wayata ta ce a sabunta ta, nakan aje muciya in bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ina neman wuyan ludayin Inna.

Tawa wayar ta tsufa, wataƙila taka ta riga ta samu. Don Allah duba mini wajen kwanuka da cokula: ƙwaryar ta iso?