Hoton da Saleh Ya Koma Arikya Ya Ɗauko

Da wuya ka sami ango a Lafia, cikin waɗanda suka yi aure shekaru goma sha biyar baya, wanda Saleh Mai Hoto bai ce masa ya ɗaga haɓa ba. Shagonsa yana bakin kasuwa, ɗan ƙarami, da labule mai zanen gidan bene da kujera ɗaya ta alfarma wadda ƙafarta guda ke kan bulo. Kakansa fatauci ne ya kawo shi daga Kano, ubansa ya sayar da yadi har ya rasu, shi kuwa Saleh tun yana sakandare idonsa yake kan kyamara. Ya iya sa amarya mai kunya dariya. Ya iya ɓoye tumbin Alhaji da hannun riga.

Da wayoyi suka cika gari, kowa ya zama mai hoton kansa, shagon ya koma wurin hira. A wannan lokacin ne wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta ɗauke shi aikin yini ɗaya, ya ɗauki hoton wani taro. Shugabar ofishin, Madam Hembadoon, 'yar Tibi ce mai saurin magana da saurin yanke shawara. Ta duba hotunan, ta ga babu wanda ya fito yana hamma ko yana tauna nama, ta ce ya dawo Litinin. Shekara shida ke nan bai daina dawowa ba.

Aikinsa shi ne ya nuna wa mutanen da ke aiko da tallafi daga waje inda tallafinsu ya tafi. Hoto, gajeren labari, takardar amincewar wanda aka ɗauka, sai kuma tambarinsu, wanda dole ya fito a kowane hoto. Akwai littafi guda na ƙa'idar wannan tambari: girmansa, launinsa, tazarar da za a bar masa hagu da dama. Saleh ya haddace shi. Ya manna tambarin a jikin famfo, da bokiti, da ƙofar mota, da hular direba. Matarsa Muhibbat takan ce ita dai tana rufe tukwanenta in ya shigo kicin, kada ta waiga ta tarar an manna musu.

Daminar bana aka aiko da saƙon da ya hana ofishin sakat. Masu tallafin za su buga littafinsu na shekara, kuma da shi shugabanninsu ke zama su zaɓi ayyukan da za su ci gaba. An ba ofishin Lafia shafi ɗaya, na motar asibitin da ke zuwa wata rugar Fulani a wajen Arikya kowace Laraba don yaran da tamowa ta kama. In shafin ya shiga, motar tana da hujjar ci gaba da zuwa. In bai shiga ba, wata jiha za ta cike gurbin, kuma babu wanda ya san makomar motar bayan Disamba. Winifred, jami'ar da ke haɗa littafin a can, ta rubuto abin da take so dalla-dalla: uwa da ɗanta da ya warke, suna kallon juna, suna murmushi. Ranar Juma'a za ta rufe karɓa.

Ma'aikatan motar ba su yi gardama a kan wadda za a ɗauka ba. Dijatu ce. Mako goma sha ɗaya ta yi tana goyo 'yarta ta fari Ikilima zuwa gindin mangwaron da motar ke tsayawa, ba ta taɓa fashi ba, har ranar da rafi ya cika ta zagaya ta gada. Yarinyar da aka fara auna hannunta awon ya nuna ja, alamar tamowa mai tsanani, yanzu tana bin 'yan maruƙa da gudu.

Ranar Laraba Saleh ya isa da shirinsa. Ya gaida Ardo Baballe, ya kafa tutar tambari a bayan benci, ya duba inda rana take. Mata sun taru, da surukar Dijatu, wata tsohuwa mai suna Daso wadda bakinta ba ya hutawa. Aka zaunar da Dijatu, aka ɗora mata yarinyar a cinya.

"Yawwa, Malama Dijatu, rungume ta. Ki dube ta kamar yadda kike dubanta a gida."

Dijatu ta kawar da kai wajen shanu.

"Nan, nan. Fuskarta za ki kalla. Ɗan murmushi kaɗan."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Hannayenta suna gefe, kamar an ba ta ajiyar kayan wani. Matan da ke tsaye suka fara ƙunshe dariya. Saleh ya jawo duk dabarun da yake yi wa amare, ya yi kukan akuya, ya yi kamar zai faɗi. Ikilima ta yi ta ƙyalƙyala dariya, uwar kuwa ko gezau. Da ya zo cike takarda ya tambaye ta sunan yarinyar, sai ta dubi ƙasa ta ce, "Wannan ɗin?" Daso ce ta faɗi sunan daga baya, tana girgiza kai.

Hadari ya taso, direba ya matsa a tafi. Saleh ya zaɓi hotuna biyar mafi dama-dama ya aika.

Da safiyar Alhamis amsa ta iso. Madam Hembadoon ta kira shi ofishinta, ta juyo masa da kwamfuta. Winifred ta yi godiya da ladabi, sannan ta ce uwar kamar ba ta damu da yarinyar ba, masu karatu za su yi zaton ba 'yarta ba ce. Ko akwai wata uwar?

"Malam Saleh, wannan mace, shi ba ya son yaron ne?" in ji Madam. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Madam, mako goma sha ɗaya fa ta yi tana zuwa."

"Na sani, ni na sa hannu a rahoto. Amma hoto bai faɗi haka ba. Ka nemo wani mace mai fara'a ya riƙe yaron, ka ɗauka, mu wuce wurin. Gobe ne Juma'a."

"In na sa wata, sunan wa zan rubuta a ƙasa?"

Madam ta cire tabarau ta dube shi. Ita ma ba son hakan take ba. Ta ce, "To ka kawo mini mafita kafin gobe da azahar. Ka san yara nawa ke jiran motar nan."

Ya fito ya zauna a kan babur ɗinsa bai tayar ba. Yana nan zaune wayarsa ta yi ƙara, Muhibbat ce. Ta ce Inna, mahaifiyarsa, ta aiko da man shanu da daddawa, ta ce a faɗa wa yaron nan ya rage yawo cikin ruwan sama, an ce mata an gan shi jiya a jiƙe.

Saleh ya riƙe wayar a kunne bayan an kashe. Shekararsa arba'in da uku, da furfura a gemu, kuma bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Shi ne ɗanta na fari. Yaron nan take ce masa, ko mai hoton nan in tana cikin raha. Ranar aurensa da ya matso a ɗauke su tare, tashi ta yi ta shige ɗaki, hoton da ke bangonsa har yau da ƙanwarta aka yi shi. Bai taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, ko sau ɗaya. Kuma jiya shi ne ya tsaya gaban surukar mace da matan ruga guda, yana ce mata ta rungumi 'yar farinta ta kalle ta cikin ido. Takardar Winifred ya bi layi-layi, ya manta gidan da ya fito.

Ya tsaya a kasuwa ya sayi goro da gishiri, ya kama hanyar Arikya. Bai ɗauki tutar tambari ba.

Ardo Baballe ya yi dariya har da tari da ya ji abin da ya dawo da shi. Ya ce wannan maganar mata ce, ya tura a kira Daso.

"Ɗan birni, ka dawo ka ƙara yi mana kukan akuya?" in ji tsohuwar.

"Goggo, haƙuri na zo bayarwa. Ni ma ɗan fari ne."

"Kai ɗan fari ne, ka yi wannan aika-aika? Uwarka tana da rai?"

"Tana nan, Goggo."

"To kada ka faɗa mata, za ta ce a asibiti aka musanya mata kai."

Ya yi mata bayanin littafin, da motar, da abin da mutanen can suka gani a hoton. Daso ta daina dariya. Ta ce su waɗannan mutane ba su da 'ya'yan fari ne? Sai ta miƙe ta ce ya biyo ta, amma ya bar bakinsa a nan wajen Ardo.

A bayan bukka Dijatu tana zaune a kan tabarma, Ikilima a tsakanin ƙafafunta ta ba ta baya, ana yi mata kitso. Rabin kan an gama, ƙananan layuka masu kyau da 'yan duwatsu ja da fari a bakin kowanne. Daso ta yi mata magana da Fulatanci, doguwar magana, Saleh ya tsinci kalmar mota a ciki sau uku. Dijatu ba ta ɗago ba. Ta amsa a taƙaice, da Hausa, don ya ji.

"Ni aikina nake yi. In ya ga dama ya yi nasa."

Daso ta shiga bukkar ta fito da wata ƙwarya, irin wadda ake gogewa a jera don ado, ba a zuba komai a ciki. Ta buɗe faifan da ke kai. Katin asibitin yarinyar ne a ciki, an naɗe shi da leda biyu, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Layi goma sha ɗaya, kowanne da kwanan wata da sa hannun ma'aikaciya. A samansa kuma ga tambarin, daidai girman da littafin ƙa'ida ya ce, Saleh da kansa ya kai aikin buga katunan bara.

"Ko ni ba ta bari in taɓa," in ji Daso. "Yau dai albarkacin mota." Ta miƙa wa yarinyar katin. "Riƙe, kishiyata, ki nuna wa ɗan birni. Mummuna da ke, an ɓata duwatsu a kanki."

Ikilima ta ɗaga katin da hannu biyu, ta washe baki tana yi wa kakarta gwalo. Dijatu ta ɗan karkatar da kan yarinyar da yatsa biyu don ta kama wani layin, idonta a kan gashin, kuma zagin da tsohuwar ta yi ya sa gefen bakinta ya motsa. Saleh ya durƙusa can nesa. Bai ce kowa ya ɗaga haɓa ba. Sau uku ya danna, ya mayar da kyamarar jaka.

Da safiyar Juma'a ya zauna rubuta bayanin da zai bi hoton, abin da ya fi ba shi wuya a aikin nan. Ya rubuta ya goge har sau huɗu. A ƙarshe ya bar shi a jimla kaɗan: cewa a nan uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kunya ce da girmamawa ga manyanta, cewa wannan kitson yana cin rabin yini, cewa a ƙirga layukan da ke kan katin. Madam Hembadoon ta karanta a tsaye, ta gyara masa Turanci wuri biyu, ta ce, "Aika. In sun ƙi, ni zan kira shi Winifred ɗin da kaina."

Ba a kai ga haka ba. Kafin a tashi sallar Juma'a Winifred ta amso. Ta ce ta ƙirga, goma sha ɗaya ne. Ta ce ba ta taɓa jin wannan al'ada ba, ta nemi afuwar abin da ta rubuta jiya, ta kuma tambaya ko za a bar bayanin yadda yake, kada a taɓa ko kalma. Shafin ya shiga. A watan Nuwamba aka sanar da ofis cewa motar za ta ci gaba da zuwa Arikya har ƙarin shekara biyu, Madam ta sayo wa kowa doya da miyar ganye, ta ce Saleh ya ci kashi biyu.

Da littafin ya iso, kwafi uku aka ba shi. Ya kai ɗaya ruga, inda Daso ta karɓe ta ce ita za ta ajiye, tun da an yanke ta daga hoton saboda baƙin ciki. Ɗaya yana ofis. Na ukun ya kai gidan Inna ranar Asabar, shi da Muhibbat, ya buɗe shafin ya ajiye a gefen tabarmarta, ya koma bakin ƙofa ya zauna.

Inna ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa. Ta bi kitson da yatsa. Ta tambayi Muhibbat ko 'yar fari ce, aka ce mata e. Ta gyaɗa kai.

"Yarinyar nan tana da tarbiyya," ta ce, tana nufin Dijatu. Sai ta rufe littafin ta tura shi ƙarƙashin matashinta, inda take ajiye carbi da katin asibitinta. Ba ta dubi bakin ƙofa ba. "Ki ce wa mai hoton nan wannan ya zama nawa. In yana so ya nemi wani."