Firizata ta zama ta unguwa

Ina tsaye riƙe da kifin da na sayo, na buɗe firizata, wallahi babu inda zan sa ko wutsiyarsa. Ga naman layyar Hajiya ta gidan gaba, ga kunun ayar da maƙwabciyata Maman Ummi take sayarwa, har da wata baƙar leda da ban san mai ita ba.

Tunda muka sa sola a gidanmu na Tudun Wada na yi sallama da baccin rana. Wannan ta shigo, waccan ta fita: "Don Allah a ɗan ajiye min." Ni kuwa kunya ta hana ni cewa a'a.

A baho kifina ya wuni, kafin la'asar ya fara wari, na zubar.

Ina cikin wanke bahon sai ga Maman Ummi. Ta taɓa gorunan kununta, ta ɓata rai.

"Maman Sadiƙ, kunun nan bai yi ƙanƙara ba. Ki rage buɗe firizar nan, kina jawo min asara."

Na ajiye soso na dube ta. "Kwashe kayanki, kuma ki gaya wa sauran su zo su kwashe nasu. Daga yau sai abin gidan nan."

"Au! Ashe haka kike?"

"Haka nake. Ni ma yau na sani."

Yanzu wasu ko gaisuwata da ƙyar suke amsawa. Amma jiya na yi barcina har na ƙoshi, na tashi na soya kifina.

Ku fa, wane abu naku ne kunya ta mayar na jama'a?