Mai Aski da Ƙaho na Uku

Shagon askin yana tsakanin na tela da na mai sayar da batir, a bakin titin da motocin haya ke juyawa. Kujeru biyu ne a ciki, da dogon madubi da gefensa ɗaya ya fara dusashewa, da bencin masu jiran layi. Mai shagon ya shafe fiye da rabin rayuwarsa a tsaye bayan kujerar da ke kusa da ƙofa. 'Yan unguwa suna ce masa Zauna-Daidai, don ko alƙali ne ya hau kujerarsa, maganar da zai fara ji ke nan. Mutum ne marar hayaniya, sai dai yana da wani hali da ya kori wasu, ya kuma riƙe wasu: ba ya iya cewa abu ya yi in bai yi ba. In ka tambaye shi ko sanƙon da ya fara maka zai tsaya, sai ya leƙa tsakar kanka ya ce, "A'a, tafiya yake yi."

Kujera ta biyu ta Auta ce, ɗansa namiji tilo. Tun yana ƙarami uban ya koya masa riƙon almakashi, hannunsa kuma ya faɗa. Sai a makaranta aka damƙa masa wani dogon ƙahon tagulla, irin wanda ake jan hannunsa gaba da baya, suna ce masa turombon. Daga ranar almakashi ya zama baƙo. Da ya girma, wata babbar ƙungiyar kiɗan jaz ta ɗauke shi, mutum kusan ashirin, yawancinsu masu busa. Shi ne na uku a layin masu irin ƙahonsa.

Tsohon bai hana ba. Amma hannunsa ya fara rawa, musamman in ya ɗauki reza zai gyara saje, kujerar Auta kuwa ta zama wurin ajiye tawul. Wata rana da safe ya zaunar da shi a kan bencin.

"Na ji kun ce za ku yi faifai," ya ce. "To, ranar da na sa faifan nan na ji ka a ciki da kunnena, na sakar maka mara, in nemi wanda zan ba kujerar. In ban ji ka ba, ka ajiye ƙaho ka dawo."

"Na yarda, Baba," in ji Auta, tun kafin uban ya rufe baki.

Wata da watanni Auta yana gwaji a ɗakin baya, ya cusa tsohon tawul a bakin ƙahon saboda maƙwabta. Abin da gidan ke ji shi ne wata doguwar busa mai kauri, kamar jirgin ruwa na sallama. Sai shiru. In ka leƙa za ka gan shi zaune, ƙafa na buga ƙasa, leɓe na motsi, ido a kan takarda. Can sai ya yi gajeru guda uku, bam, bam, bam, ya sake yin tsit.

"Wai waƙar ta ƙare ne?" uwarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, ta tambaya daga bakin ƙofa.

"A'a, Inna, jira nake."

"Jiran wa?"

"Jiran su."

"Su wa? Kai kaɗai ne fa a ɗakin."

Tun abin yana ba su mamaki har ya zama jiki. Babu wanda ya gaya musu cewa wannan rabon mutum ɗaya ne kawai daga cikin kiɗan, shi kuwa Auta bai taɓa zaton sai an faɗa ba. A wajensu waƙar ke nan. Mai Aski ya haddace ta tsaf, har inda shirun yake. In abokan ciniki suka tambaye shi wane irin kiɗa ɗansa ke yi, sai ya dakatar da almakashi ya ce, "Kiɗa ne na masu haƙuri. A busa kaɗan, a huta, a yi tunani."

Ranar da faifan ya fito, Auta ya kawo guda ɗaya shago, ya ajiye a gaban madubi, ya wuce wajen gwaji a gurguje. Mai Aski ya aro na'urar sa faifai daga mai batir, ya leƙa ya kira Tela, abokinsa na shekaru wanda ba sa gaisawa sai da tsiya. Akwai wani direba a kan kujera, an aske masa rabin kai. Tsohon ya ce kowa ya yi shiru, don farkon waƙar a hankali yake zuwa. Ya danna.

Wata irin ƙara ta fashe a shagon, kamar an watso kwanukan gidan biki daga saman bene. Tela ya zabura har hularsa ta faɗi. Ganguna na gudu, ƙahonni na rige-rige, wasu can sama kamar za su tsaga madubi, wasu na amsa musu daga ƙasa. Babu doguwar busar. Babu shirun ko na ƙiftawar ido.

"Wannan ne kiɗan masu haƙurin?" in ji Tela. "Ai ko 'yan badujala sun fi su natsuwa."

"Ba shi ba ne," in ji Mai Aski. "Tsaya tukuna."

Ya ɗauko kwalin faifan ya kai kusa da ido. Ga mutane nan jere cikin baƙaƙen kwat, ga kuma Auta a layin tsakiya, ƙahon wani ya rufe masa rabin fuska. Faifan dai nasu ne. Suka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. A wata waƙa kowa ya lafa, wani ƙaho shi kaɗai ya ɗauki kuka mai daɗi yana lanƙwasa murya.

"Ga shi nan! Ga ɗanka!" in ji direban.

"Auta ba ya kuka haka."

"Kai dai ka ce shi ne mana, wa zai ƙaryata ka?" in ji Tela.

"Ni."

Tela ya kaɗe hularsa ya mayar. "To bari in gaya maka abin da ya faru, tunda kai ba ka san duniya ba sai ƙeyar mutane. Cire shi suka yi. Sun sa shi a hoto don a cika layi, sun goge muryarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi."

"Don Allah Baba, a ƙarasa mini kan nan," in ji direban. "Fasinja na jira."

Da yamma Mai Aski ya kai wa Inna faifan gida. Ta saurara, hannu a haɓa, sannan ta ce, "Wannan ba waƙarmu ba ce. Musanya aka yi a kamfani. Yanzu haka tamu tana can a kwalin wasu."

Kan tsohon ya ɗaure. Bisa alkawari dai shi ya ci: bai ji yaron ba, kujera ta sami mai ita. Kamata ya yi ya ji daɗi, amma sai ya tarar ransa na tafasa. Ya sake sa faifan, ya manna kunne a jikin na'urar, ya rage murya, ya ƙara, duk a banza, kamar mai laluben allura a cikin ruwa. Ya so ya tambayi Auta, sai ya ga yaron ya shigo yana fara'a, ya kasa. In an cuce shi bai sani ba, ta wane baki zai fara gaya masa?

Washegari ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya rufe shago da rana tsaka.

Wurin gwajin wani tsohon sito ne a saman gidan buga takardu. An manna tsofaffin dardumomi a bango, kujerun roba jere layi-layi, kowa da takarda a gabansa, a ƙasa kuma an shimfiɗa jaridu inda masu busa ke zubar da ruwan da ke taruwa a ƙahonninsu. Shugabar ƙungiyar wata 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, da fensir soke a gashinta. Tana ɗaga hannu za a fara, sai ta ga kowa na kallon ƙofa, inda Mai Aski ke tsaye. Auta ya miƙe tsaye, ƙaho a hannu.

"Baba! Lafiya? Inna ce?"

"Zauna daidai," in ji tsohon. Ya juya ga matar. "Ranki ya daɗe, ni ne uban wancan. Ba rigima na zo yi ba. Tambaya ce. Me ya yi muku kuka cire shi daga faifai?"

"Cire shi? Baba, ai babu waƙar da ba ya ciki."

"Na saurara daga farko har ƙarshe. Waƙar da yake yi a gida ba ta ciki."

"Wace waƙa yake yi a gida?"

Tsohon ya gyara murya. A gaban mutum kusan ashirin ya ja doguwar busar nan da bakinsa, ya yi shiru yana buga ƙafa, sannan ya ce bam, bam, bam. Wani mai ganga ya kifa kai a kan gangarsa, kafaɗunsa na rawa don dariya. Auta ya rufe fuska da hannu. Shugabar ba ta yi dariya ba, ta dai zare fensir daga gashinta ta dube shi da kyau.

"Ko kuskure ɗaya babu," ta ce. "A kawo wa Baba kujera. A sa ta kusa da ɗansa."

Aka zaunar da shi a tsakiyar layi, kafaɗa da kafaɗa da Auta. Ta ɗaga hannu, ƙarar nan ta jiya ta sake fashewa. Amma ga mamakinsa, daidai kunnensa na hagu, sai ga doguwar busar, ita ce dai ba wata ba. Da Auta ya sauke ƙaho ya fara buga ƙafa, wurin da tsohon ya sani da shiru sai ya ji shi cike maƙil da mutane, wannan na shiga wancan na fita. Ashe su ne ake jira.

"Ga ta nan!" ya ɗaga murya. "Ita ce!"

Matar ta yafuto shi ba tare da ta tsayar da kiɗan ba. Ya taso ya zo gaba inda take tsaye. Yana isowa waƙar ta ɓace. Yana ganin hannun Auta na kai da komo, kumatunsa a kumbure, amma kunne bai kawo komai ba. Ya koma layi, ga ta. Ya dawo gaba, babu. Sai da ya yi zaryar nan har masu busa suka fara matsar da ƙafafu suna ba shi hanya.

Ta tsayar da su. "Faifai daga nan yake ji, Baba, ba daga can ba. Tsaya a nan. Na uku, ajiye ƙahonka. Sauran, daga farko."

Suka sake. Tsohon ya runtse ido. Ƙarar tana nan, gudun yana nan, amma akwai abin da bai zauna ba, kamar ka ga mutum ya fito daga shagon wani, ka san askin bai cika ba, ka kuma rasa inda aka bari.

"Akwai abin da ya ragu," ya ce a hankali. "Ban san ko mene ne ba."

"Shi ne."

"To me zai hana ya busa da ƙarfi a ji shi?"

"Ranar da ya yi haka zan sallame shi."

Ya dube ta, ya dubi Auta. "Wato ɗaukarsa kika yi don kada a ji shi?"

"Na ɗauke shi don ya fi kowa iya hakan. Na farko yana jan layi, na biyu yana bin sa, na huɗu yana riƙe ƙasa. Na uku ne ke haɗa su su zama murya ɗaya. In ka ji shi daban, ya ɓata."

"Kuma har makaranta aka je aka koyo wannan?"

Wannan karon har ita sai da ta dara. Ta ba su hutu.

Auta ya rako shi zuwa matattakala. A ƙasa injin buga takardu na ta sassarfa. Suka tsaya, kowa na kallon bango.

"Baba, ka ji ni?"

"A faifai? A'a."

Auta ya sunkuyar da kai, ya shafa bakin ƙahon da babban yatsa. Ya san ubansa, ya san ba za a sake wata amsa ba. "To. Gobe da safe zan zo shago."

Tsohon ya dubi hannunsa na dama a kan ƙarfen matattakala, yana 'yar rawarsa.

"Ni alkawarin nan ban san inda ya faɗa ba," ya ce. "Cewa na yi in na ji ka. Ban ji ka ba. Amma da ka ajiye ƙahon na san ka ajiye, wannan kuwa ba mu yi magana a kansa ba." Ya numfasa. "Koma ciki, kada ka bar musu rami. Tela yana da ɗan ƙane da ke neman wurin koyon aiki. Zai cika ni da surutu irin na gidansu, amma zan gwada shi."

"Baba..."

"Abu ɗaya ya rage. Me zan ce wa uwarka?"

"Ka ce mata ina ciki."

"Za ta ce a ina."

Daga sama aka ƙwala wa Auta kira, ya haura da gudu. Jim kaɗan kiɗan ya tashi. Mai Aski ya sauka taki biyu ya tsaya, ya karkata kai, ya kafa kunne. A wani wuri can ƙasa-ƙasa ya ji kamar wani abu ya gifta. Ya ɗaga yatsa zai ce ga shi, sai kuma ya sauke, don ba zai iya rantsuwa ba.