Matashin da Hajiya ta ɗinka wa laftof ɗina

Jiya da yamma a gidana na Kado, ina ta fama da sabuwar laftof ɗina. Sauti na fita a shaƙe, kamar mai magana daga cikin rijiya. Na ƙure murya, na kashe na kunna, duk a banza. Ga shi ƙanena zai kira daga ƙasar waje, mahaifiyarmu Hajiya ta zauna tana jiran jin muryar autanta.

Har na yanke shawarar mayar da ita shagon da na saya a Jabi. Ina ɗaga ta, sai karatun da na kunna ya fito tangaram!

Ashe sifikokin a ƙasanta suke. Hajiya kuwa tun ranar da na kawo ta ta ɗinka mata ɗan matashi ta ɗora ta a kai, kada tebur ya karce ta.

Na ce, "Hajiya, matashinki ne ya toshe mata baki."

Ta ce, "To ni ina na san bakinta a ƙasa yake? Sabon abu ai ba a ajiye shi a kan katako haka kawai."

Ta sha hira da autanta, matashin na kan cinyarta. Na kasa ce mata ba shi da amfani.

Ku fa, wane tattalin uwa ne ya taɓa ba ku wahala?