Layin Agogon da Na Tsallake

Takardar shafi ɗaya ce, har yau tana cikin jakata, ta yi laushi saboda yawan naɗewa. A kanta aka jera abubuwan da sai an tanada kafin a harhaɗa sabar, wato manhajar da ke riƙe shafin intanet ta miƙa wa duk wanda ya nema. Ƙungiyarmu ta manoman fadama ce ta ɗora mini aikin, don ni ne na taɓa zama gaban kwamfuta a makaranta. Na karɓa har da ɗan ɗaga kafaɗa.

Abin da muke so ba shi da yawa. Akwai wani masunci can sama ta wajen Jahun, kullum da safe zai duba tsayin ruwan kogi ya turo ta wayarsa. Tsohuwar kwamfutar ofishinmu a Haɗejia ta karɓa, ta manna wa saƙon kwanan wata da lokaci, ta ɗora mafi sabo a saman shafi. Ruwan da ya wuce ta gabansa sai ya yi kwanaki kafin ya iso mu, kwanakin nan kuwa su muke nema.

Na bi takardar bi da bi. Ta ce a samu wuri a cikin na'urar, na goge hotunan bikin mutumin da ya ba mu ita. Ta ce sai da manhajar da ke juya rubutun masu shirin zuwa abin da na'ura ke ganewa, sauke ta ya cinye mini yini biyu. Sai wasu ƙananan manhajoji da babbar ke jingina da su, ɗaya ma ta ƙi, wai wadda na sauko da ita ta tsufa. Duk wanda ka rasa a cikinsu aikin tsayawa yake cak, ya watso maka rubutu kamar ana yi maka faɗa. Shi ya sa na girmama su.

Layi na ƙarshe cewa ya yi agogon na'urar ya zama daidai, a kuma sa wata manhaja da za ta riƙa saita shi daga intanet. Rashin wannan bai tsayar da komai ba. Na dubi agogon hannuna na saita, na soke layin da biro. Gajiya ce da ganin na iya, ba wani abu ba.

Yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi nasa ma'aunin ruwan kara ne. Da yamma ya kafa shi daidai bakin ruwa, da safe ya je ya ga inda ruwan ya kamo. Shekarar nan shinkafarsa ta yi kyau, abincin gidanmu kenan na shekara, saura mata kamar mako ta gama nuna. Wata safiya ya same ni a ƙofar ofis, ƙafarsa duk taɓo.

"Injiniya, ruwa ya ci kara ya kai ɗani guda. In yanke ta haka, ko me akwatinka ya ce?"

Na buɗe shafin a wayata. Saƙon da ke sama ya ce ruwa na nan yadda yake. Ban ko kalli kwanan watan da ke jikinsa ba.

"Haba Yaya, ruwan sama ne na jiya ya gangaro. Ka yanke ta ɗanya ta kakkarye maka a inji? Bar ta ta nuna."

Ya ce, "To, kai ka yi karatu." Ya sallami masu yankan da ya riga ya yi wa magana.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, ruwa ya haura jingar da ke tare kogin. Kafin La'asar da kwalekwale ake bi ta kan gonar, kan shinkafar ma ba a gani.

Mutane suka fara zagin masuncin, wai ya yi barci. Ni ma na so a ce hakan ne. Da na gangara can ƙasan shafin sai ga saƙonninsa huɗu a jere, na ƙarshen har da cewa don Allah a kwashe abin da za a iya. Ashe ɗan batirin da ke riƙe agogon kwamfutar ya mutu. Da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, agogon ya koma wata shekara can baya, sabar ta ɗauki sababbin saƙonnin a matsayin tsofaffi ta jefa su ƙasa. Manhajar da na tsallake ita ce za ta gyara shi nan take. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Da ruwa ya janye na sami Yaya a bakin gonar, warin ruɓaɓɓiyar shinkafa ya cika wurin. Na ba shi labarin duka, na ɗora masa batirin a tafin hannu. Bai fi maɓallin riga ba. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wannan ne ya ci mini shinkafa?"

"A'a Yaya, ni ne."

Bai ce a'a ba. Ya jefa batirin a aljihu, ya miƙo mini lauje ya ce mu duba ko shanu za su samu abin ci.