Rabon Ungulu a Kan Rumfa

Har yau ban manta da safiyar da ungulu suka dawo kwatarmu ba. Kwata ita ce inda ake yanka, ni kuwa aikina wanke kayan ciki.

Shugabanmu Baba Modu, dattijo ne ɗan Yakasai. Kullum in an gama fiɗa, sai ya tara abin da ba a ci, ya wurga kan rumfa, ya ce rabon ungulu ne. Haka ya ga mahaifinsa yana yi. Sai dai ungulu sun daɗe da ɓacewa daga birni, shirwa da kyanwa ke ɗan taɓawa, sauran ya ruɓe.

Da damina aka kawo mana sabuwar duba-gari, Malama Hadiza, mai kula da tsabta. Ta ce, "Baba, ƙuda kake kiwo. In wata ya ƙare, a daina."

Baba ya ce, "To 'yata, ranar da na daina, ranar zan ajiye wuƙa."

Hankalinmu ya tashi, don shi ke raba mu in an yi faɗa.

Ana gab da ƙarshen wata, ina durƙushe ina wanke tumbi, sai na ji kwanon rumfa ya yi ƙara. Na ɗaga kai: ungulu biyu, da sanƙonsu, suna ci hankali kwance.

Ɗanlami mahauci, mai 'ya'ya har uku amma bai taɓa ganin ungulu ba, ya ce, "Talotalon wa ya tsere?"

Baba ya ce, "Talotalon gidanku. Yi shiru ka gaida manya."

Kowa ya ajiye wuƙa. Malama ta fito da waya tana ɗaukar hoto, ta ce ita a littafi kawai ta san su. Kafin mu ankara sun share rumfar tas.

Baba ya dube ta. "Ga ma'aikatanki nan, ba albashi."

Ta yi dariya, amma ba ta saki dokarta ba. Ta ce a yi daɓen siminti a bayan kwata, a riƙa zuba musu a can, a wanke kullum. Baba ya yarda nan take, ya nuna ni da wuƙa: "Ga mai wankewa."

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan tsoho da ma'aikacin hukuma suna iya shiryawa, muddin akwai mai riƙe bokiti. Baba yana nan bai ajiye wuƙa ba. Ni ma ban ajiye bokiti ba.