Umma da Rigunan da Ta Rage wa Tsawo

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga Afrilu, Allah Ya karɓi ran mahaifiyarmu a asibiti. Ta zame a bakin banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye, aka yi aiki, sai ciwon huhu ya same ta a kwance.

Umma, da keken ɗinkinki kika kai ni jami'a. Ba a taɓa kawo miki ɗinkin maraya kin bari an yi maganar lada ba. Kina kira na Likitar Gida, ina cewa ni ba likita ba ce, kimiyyar jiki na karanta. Sai ki ce, "To Malama Gyara, zo ki zura mini zare."

A kan kitse da ƙashi na yi bincikena na ƙarshe. Na gaya miki kitse yana fitar da sinadarai da ke shiga jini, suna taɓa ginuwar ƙashi da zaizayewarsa, kuma tsohon da ya rame da sauri ƙashinsa na iya raguwa. Kika dafa cinyarki kina dariya, kika ce, "Ashe jibgin nan ma'aikaci ne."

Da aka gano ciwon suga, likita ya ce ki rage ƙiba. Baba ne ya tsaya a kai: shi ke auna miki abinci, shi ke fita da ke tattaki. Kika rame, sugan ya sauka, muka yi murna.

Tun da kika tafi Baba ya daina cin abinci. Ya kira ni ɗaki ya ce, "Auta, ke kika karanta. Ramar da na sa ta yi ce ta karya ta?" Na ce ban sani ba. Abin da bincike ya nuna alaƙa ce a cikin mutane da yawa, ba hukunci a kan mutum ɗaya ba. Gaskiya na faɗa, amma ya juya fuskarsa bango.

Jiya ni da Yaya muna ninke kayanki, na ɗauko doguwar rigar da kika sa a bikinta, wadda kika ajiye tun kafin sugan. An kalmashe bakinta sama, an sake kalmashewa, da ɗinkin hannunki. Muka duba sauran tsofaffin, duk haka. Tsawonki ne yake raguwa, Umma, kina bin sa da allura, shi ya sa ba mu taɓa ganin riga ta ja miki ƙasa ba. Raguwar tsawo na daga alamun raunin ƙashin baya.

Na kai wa Baba rigar. Na ce wannan ba gwajin asibiti ba ne, amma ga alama ƙashinki ya fara rauni tun kafin ya auna miki ko loma ɗaya. Ya daɗe yana shafa ɗinkin. Sai ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, ya ce a kawo masa shayi.

Allah Ya gafarta miki, Umma, Ya sa jinyarki ta zama kaffara, Ya yalwata makwancinki. Baba, Yaya, Kawu, da 'yan matan shago da kika koya wa ɗinki, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.